Yadda zaka kula da famfon cikin ruwa na tafkin lambu kafin ya ƙone maka

Famfona na farko wata bakwai kawai yayi ya mutu, na dinga zagin kamfanin da ya ƙera shi wai kayan yanzu babu ƙarko, sai da na buɗe cikinsa naga abin kunya. Gansakuka da gashi da wani ɗan zaren buhu sun nannaɗe farfelar tam kamar an ɗaure ta da gangan, injin yana ta ƙoƙarin juyawa yana ɗaukar zafi har koyil ɗin ya ƙone. Laifina ne ɗari bisa ɗari, ban taɓa ciro shi daga ruwa ba tun ranar da na jefa shi. Tun daga nan na gane irin wannan famfon da wuya ya mutu da kansa, ko dai datti ya shaƙe shi ko kuma an barshi yana aiki babu ruwa.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai, dan ba irin dogon nan na rijiyar burtsatse nake nufi ba. Ƙaramin samasibul ne da ake nutsawa cikin tafkin kifi na lambu ko ƙarƙashin ruwan ado mai tsartuwa, yana tura ruwa zuwa filta ko ya hau dashi kan duwatsu ya gangaro. Yawancinsu abu ɗaya ne ke motsi a ciki, wato farfela da aka haɗa da mayen ƙarfe, tana juyawa akan wata siririyar sanda ta tangaran ko ta ƙarfen da baya tsatsa. Koyil ɗin da wutar ke shiga an binne shi cikin wani danƙo mai tauri, ruwa baya kai masa kuma kai ma baka isa ka buɗe shi ba. Babu mai a ciki, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi shi ke kuma sa farfelar ta zame akan sandar. Akwai manya da suke da mai a jikin inji da zoben da ke tare ruwa, su idan zoben ya ci zaka ga mai yana sheƙi a saman tafkin, to ka ciro shi take dan yana kashe kifi. Amma mu mayen ƙarfen zamu fi bi dan shi ne a hannun mafi yawan mutane.

Maganar wuta kafin komai

Wannan ba abin wasa bane. Kafin hannunka ya taɓa ruwan tafkin, ka zare fulogi daga soket gaba ɗaya, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Kuma ba na famfon kaɗai ba, idan akwai fitilar cikin ruwa ko fitilar UV, wato wadda ake sawa a filta dan kashe koren ruwa, duk ka zare su. Ka ajiye fulogin inda idonka ke gani dan kar wani mai kirki yazo yaga ruwa ya tsaya ya mayar maka dashi hannunka na ciki.

Layin da ke kawo wuta tafkin dole ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara zuba cikin ruwa. A Amurka GFCI suke ce ma tasu kuma tana yankewa ne a wajen miliamfiya 5. Akwai ɗan maɓallin gwaji a jikinta, ka dinga danna shi lokaci lokaci, idan ka danna wuta bata ɗauke ba to na'urar ado ce kawai, nemo mai gyaran wuta. Idan kuma kaga duk sanda ka kunna famfon sai RCD ɗin ta faɗi, kar kace ta cika fitina ka zagaye ta, gaya maka take ruwa ya samu hanya zuwa wuta. Ka duba jikin famfon kuma, na kirki zaka ga an rubuta IP68 wato an yi shi ne dan zama cikin ruwa dindindin, sannan ka tabbatar ƙarfin wutarsa yayi daidai da taka dan akwai na 220 zuwa 240 akwai na 110 zuwa 120.

Ka auna ƙarfinsa tun yana lafiya

Wannan matakin kusan kowa tsallake shi yake, alhali shi ke gaya maka gaskiya. Ido yana yaudara, ruwa yana raguwa kaɗan kaɗan kullum har ka saba baka lura ba. Ranar da ka saka sabon famfo ko ka gama wanke shi, ɗauko bokiti mai lita 10 ka tara a bakin tiyo inda ruwan ke fita ka duba agogon waya. Ace ya cika a sakan 20, to rabin lita kenan a sakan ɗaya, ka ninka da 3600 ya baka lita 1800 a awa. Rubuta ka ajiye. Duk ranar da ka sake gwadawa kaga bokitin nan sai da ya ci sakan 30 ko 35, basai kowa ya gaya maka ba lokacin wanki yayi.

Kar kayi mamaki idan lambar da ka samu bata kai wadda ke jikin kwali ba. Ta kwali ana auna ta ne famfon baya hawa da ruwa ko'ina, da zarar ya fara tura shi sama ƙarfin na raguwa, kuma akwai tsayin da aka rubuta wanda idan an kai shi ko ɗigo bazai fito ba. Tsayin daga saman ruwan tafki ake auna shi zuwa inda ruwan ke fita, ba daga ƙasan tafkin ba. Abin da ake so dai ruwan tafkin duka ya zagaya sau ɗaya cikin awa 1 zuwa 2, idan kifi sun yi yawa ka matsa kusa da awa 1. Lissafin ruwan ba wuya, tafki mai tsawon mita 2 faɗin mita 1.5 zurfin rabin mita lita 1500 ne, kaga famfon misalinmu ya wadatar.

Ciro shi da wanke waje

Ka tanadi bokiti biyu, tsohon buroshin haƙori, sukundireba, da wani faranti ko tire da zaka zuba ƙananan kaya. Bokiti ɗaya ka cika shi da ruwan tafkin.

Kar ka taɓa jawo famfo da wayarsa. Na san shi yafi sauƙi, wayar na nan a bakin tafki kawai ka ja, amma inda wayar ta shiga jikin inji nan ne rauninsa, idan ya saki ruwa ya shiga shikenan, kuma irin wannan wayar ba'a canza ta dan a danƙo aka binne ta. Ka ɗaura masa igiyar roba a mariƙinsa tun farko ka ɓoye bakinta ƙarƙashin dutse a gefe. Idan zaka ɗago shi ka ɗago a hankali, in da hali ka zura bokiti ko raga ƙarƙashinsa tun yana cikin ruwa, in ba haka ba duk dagwalon da ya tara sai ya zube ya koma tafkin ka tashi a tutar babu.

Cire tiyo, sannan ka buɗe kejin da ya rufe shi. Yawanci ƴan maƙalai ne na roba ake dannawa, ka bi su sannu dan roba idan ta daɗe a ruwa tana tauri ta karye. Ganye, katantanwa, tsakuwa, wani lokacin har ɗan kwaɗo zaka tarar, ka kwashe ka goge ramukan kejin da buroshi ciki da waje. Idan akwai soso a ciki ka matse shi cikin bokitin ruwan tafki sau uku huɗu. Dalilin da yasa ba'a wanke shi da ruwan famfon gida shi ne sinadarin kulorin, yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson, su ne ke mayar da ammoniyar kashin kifi abu mara cutarwa. Ba sai soson ya koma fari tas ba, a dai samu ruwa na wucewa. In ya fara marmashewa ko ka matse shi bai dawo yadda yake ba, sayi wani. Sabulu, garin wanki, bilic, duk kar su kusanci kayan tafki.

Farfela, inda aikin yake

Mutane da yawa suna wanke keji su mayar suce sun yi sabis, bayan sati ɗaya ruwa ya sake raguwa. Ai ba'a yi komai ba in ba'a kai ga farfela ba. A gaban injin akwai murfi zagaye inda ruwa ke shiga, wani murɗa shi ake kaɗan ya fita, wani kuma noti uku ko huɗu ne. Kafin ka cire komai ɗauki hoto da wayarka, wallahi zai maka rana wajen mayarwa.

Idan murfin ya fita zaka ga farfelar. Kama ta da yatsa ka jawo ta miƙe, zaka ji kamar wani na riƙe da ita daga ciki, mayen ƙarfen ne, ba maƙalewa tayi ba. Miƙe nace, kar ka lanƙwasa ta gefe kar kuma ka sa filaya ka ɓanɓara, dan sandar tangaran ɗin nan tana da tauri wajen jure gogayya amma tana karyewa kamar alli. Ni na taɓa karya ɗaya, ta zame daga hannuna ne kawai ta faɗi kan siminti, ƙas, ta rabu biyu, sai da na jira kwana tara kafin a kawo min wata kifina suna ta haki a saman ruwa. Dan haka kayi aikin akan tire ko tawul, ba a tsaye a bakin tafki ba.

A bakin sandar sama da ƙasa akwai ƴan hulunan roba ƙanana, wani lokacin da ɗan siririn zoben washa. Su ne ke riƙe sandar a tsakiya. Ɗaya yakan maƙale can ƙasan ramin, ɗaya a jikin murfi, ka nemo su ka tabbatar suna nan, in ɗaya ya ɓata famfon zai yi aiki amma da ƙarar kwaram kwaram kuma farfelar zata cinye kanta cikin ƴan makonni.

Yanzu ka warware duk wani zare ko gashi ko gansakuka da ya naɗe tsakanin fukafukan da mayen ƙarfen, ɗan tsinke ko allura na taimakawa. Goge jikin mayen ƙarfen, zaka ga wani santsi mai yauƙi da baƙin gari gari, wannan garin ƙarfe ne da yake jawowa daga yashi, kuma shi ke kankare ramin. Sai ramin da farfelar ke zama, zura buroshin haƙori ko auduga a tsinke ka goge har ƙasa ka ɗauraye. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ramin nan ta isa ta tsayar da famfo cak.

Tunda tana hannunka ka duba ta da kyau. Fiffike ya karye ko ya ci? Mayen ƙarfen ya tsage ko ya kumbura har yana gogar bango? Ka zura sandar ka girgiza, idan tana rawa sosai a ramin farfelar to ya buɗe, lokacin canji yayi. Amma akwai abu ɗaya da ke ruɗa mutane, idan ka riƙe mayen ƙarfen ka juya fukafukan zaka ga a yawancinsu suna ɗan tafiya su kaɗai kafin su kama, sai mutum yace ta lalace har ya ɗauko gam zai manne. Kar ka manne, haka aka yi ta dan injin ya samu ya tashi kafin nauyin ruwa ya hau kansa. Wadda ta lalace ita ce mai juyawa zagaye bayan zagaye bata kamawa sam. Ana sayar da farfela ita kaɗai tare da sanda da hulunanta, ka duba lambar samfurin a jikin famfon ka saya daidai ita, kuma a ganina duk mai kifi ya kamata ya ajiye guda ɗaya a gida.

Idan ruwanka irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin buta ne, to zaka ga ɓawon nan a jikin sanda da cikin ramin, kuma buroshi baya fitar dashi. Kar ka kankare da wuƙa. Haɗa farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi ka jiƙa kayan na awa ɗaya ko biyu, zaka ga yana ƴan kumfa, asid ɗin ne ke narkar da ɓawon. Garin sitirik asid ma yana yi. Bayan nan ka goge ka ɗauraye sosai da ruwa mai yawa. Idan akwai zoben roba a murfin ka duba bai tsage ba, ɗan giris na silikon kaɗan ya ishe shi, banda man inji ko man feshin kwance noti, suna kumbura roba kuma guba ne ga kifi.

Kar ka manta da tiyo

Akwai ranar da na wanke famfo fes, na mayar, ruwa yana nan yadda yake. Ashe tiyon ne ya cika da wani baƙin yauƙi har ramin ya koma rabi. Ka tura masa ruwa mai ƙarfi ta baya, ko ka ɗaura ɗan tsumma a igiya ka ja ta ciki. Ka bi shi ka duba ko ya lanƙwashe a wani wuri ko dutse ya danne shi. Sannan bakin da ake sa tiyo a famfo da yawa hawa hawa yake, siriri a gaba kauri a baya, idan babban tiyo kake amfani dashi ka yanke siraran hawan da zarto, in ba haka ba ruwan ta ƙaramin rami yake fita duk girman tiyonka. Kan ruwan ado mai ƙananan huji shi kuma tsinke da ruwan khal ne maganinsa.

In ruwan yayi maka ƙarfi da yawa, ta wajen fita ake rage shi da bawul. Kar ka toshe wajen shiga dan ka rage gudu, yunwar ruwa zaka sa masa.

Mayarwa

Hular roba ta ƙasa, sanda, farfela, hular sama, murfi. Mayen ƙarfen zai fizge farfelar ciki da ƙarfi, ka riƙe ta ta shiga sannu dan kar ta buga sandar. Juya ta da yatsa, zaka ji tana tafiya tana ɗan tsalle tsalle, daidai ne. Kar ka gwada shi a busasshe wai kaga ko yana juyawa, sa shi cikin bokitin ruwa ya nutse sannan ka kunna, hannunka a waje.

Wajen mayar dashi tafki ka jujjuya shi a ƙarƙashin ruwa har kumfar iska ta gama fita, dan iska idan ta maƙale a ɗakin farfela zaka ji inji na ƙugi ruwa baya fita. Kuma kar ka ajiye shi a ƙasan tafkin kai tsaye, ɗora shi kan bulo ko kifaffiyar tukunyar fulawa ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20. Amfani biyu ne, bazai dinga shan laka ba, sannan idan tiyo ya fita ko ruwan gangaren ya kauce cikin dare yana zuba waje, famfon zai tsaya da tsotsa a daidai tsayinsa ya bar ma kifi ruwan da zasu rayu kafin gari ya waye. Wani abokina bai yi haka ba, ya tashi da safe ya tarar da tafki wayam kifi kwance a taɓo, famfon ma ya ƙone. Sai dai in famfonka irin mai kwashe datti ne zuwa filtar waje, shi an yi shi ne dan zama a wuri mai zurfi, to ko shi ɗin ɗan ɗagawa kaɗan baya cutarwa.

Kafin ka sa fulogi bi wayar da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Ɓera na ci, rana na busar da ita, fatanya na sara. Idan kaga tsaguwa a ɓangaren da ke shiga ruwa, salatif ba magani bane, famfon ya gama aiki. A wajen soket kuma ka bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau, dan ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Kunna, ɗauko bokitinka mai lita 10 ka sake aunawa.

Sau nawa za'a yi

Babu wata ƙa'ida ɗaya, ya danganta da yawan kifi da bishiyoyin da ke kusa. Ni keji da soso duk sati ɗaya ko biyu nake dubawa lokacin zafi da lokacin da ganye ke zuba, farfela kuma duk wata biyu zuwa uku, wankin ruwan khal sau ɗaya ko biyu a shekara. Abin da yafi waɗannan duka shi ne tsayin ruwa, lokacin zafi da iska ruwa na ƙafewa da sauri musamman a ƙananan kwanonin ado da basu wuce ƴan bokitai ba, kwana biyu ka manta sai kaji famfo na zuƙar iska yana ƙwarr ƙwarr. Wasu suna da na'urar da ke kashe su idan sun yi zafi su dawo in sun huce, dan haka idan naka yana aiki yana tsayawa da kansa, zafi yake ɗauka, ka duba ruwa ka duba farfela.

Game da kashe shi da dare dan tsimin wuta, idan ruwan ado ne kawai babu kifi kashe abinka. In da kifi a'a. Ruwa mai ɗumi baya riƙe iskar oksijin sosai, a digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7.5, kuma da dare tsirrai da gansakuka suna shaƙar iskar ne maimakon su bayar, shi yasa ake yawan tarar da kifi a mace da asuba. Bakteriyar filta ma idan ruwa ya daina bi ta kansu na awanni suna fara mutuwa. Famfo mai wat 50 idan ya kwana ya wuni yunit 1.2 yake ci.

Waɗanda ke ƙasashen da ruwa ke daskarewa, idan zaku tsayar dashi lokacin sanyi ku ciro shi ku wanke, a ajiye shi cikin bokitin ruwa inda ƙanƙara bata kaiwa dan robobin kar su bushe, fulogin a waje. Ƙanƙara idan ta kama ruwan da ke cikinsa tana fasa jikin. Haka duk famfon da ya daɗe a ajiye, kafin ka kunna ka buɗe ka juya farfelar da yatsa tukuna, sau da yawa ta manne ne kawai.

Idan kuma ka kunna shiru ko ƙugi babu, gwada soket ɗin da wani abu, duba RCD da fis ɗin fulogi in yana dashi. Wuta na zuwa, farfela tsaf take, ka barshi ya huce na awa ɗaya har yanzu shiru, to koyil ne, kuma shi ba'a naɗa shi. Cire farfelar da hulunan robar da kejin ka adana in irinsa zaka sake saya.